Dala miliyan 100 don abokin gasa ya rufe shago

A watan Fabrairun 2025 kamfanonin Zillow da Redfin, masu shafukan tallan gidaje a intanet, waɗanda dukansu a birnin Seattle na Amurka suke da hedkwata, suka sanar da cewa sun ƙulla haɗin gwiwa kan tallan gidajen haya a intanet. Sanarwar ta zo da kalamai masu daɗin ji. Mai neman haya zai ga gidaje da yawa a wuri ɗaya, mai gida kuma tallansa zai isa ga jama'a masu yawa. Abin da ke cikin takardar yarjejeniyar kuwa shi ne Zillow ya ba Redfin dala miliyan 100, shi kuma Redfin ya daina karɓar tallan manyan gine-ginen haya masu sashe 25 zuwa sama. Ya soke kwantiragin da ke tsakaninsa da masu ba shi talla, ya nuna musu hanyar Zillow, ya sallami ma'aikata kimanin 450, sannan ya yarda cewa shafukansa ba za su nuna tallan irin waɗannan gine-gine ba sai wanda Zillow ya aiko masa. Wa'adin shekara biyar ne, da damar ƙari har ya kai tara.

Ranar 30 ga Satumbar 2025 Hukumar Kula da Kasuwanci ta Tarayya, wato FTC, ta maka kamfanonin biyu a kotun tarayya da ke Alexandria a jihar Virginia. Washegari manyan lauyoyin gwamnatin jihohi biyar, New York da Virginia da Arizona da Connecticut da Washington, suka shigar da tasu ƙarar. Wanda ke bin siyasar Amurka zai lura da wani abu a nan. Shugaban FTC, Andrew Ferguson, Donald Trump ne ya ɗora shi a kujerar, ita kuwa Letitia James, babbar lauyar gwamnatin New York, kowa ya san ba sa ga maciji da Trump. Abin da zai sa waɗannan su tsaya a sahu ɗaya ya cancanci a duba shi da kyau.

Ni a ganina gwamnati ta yi daidai da ta kai ƙara. Abin da Zillow ya yi saye ne da aka sa wa rigar haɗin gwiwa, kuma abin da ya saya shi ne ficewar abokin gasarsa daga kasuwa. Sai dai ina da ƙorafi a kan ita gwamnatin ma, zan zo kansa.

Kafin nan, ya kamata a fahimci yadda kuɗi ke gudana a wannan harka. Mai neman haya ba ya biyan ko sisi idan ya shiga shafin ya duba hotuna da farashi da unguwa. Masu biya su ne kamfanonin da ke da gine-ginen ko masu kula da su, kuma gwargwadon abin da ka biya gwargwadon yadda tallanka zai hau sama a jerin. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kasuwar. CoStar ne babba, mai shafin Apartments.com. Zillow na biye da shi, da shafinsa da Trulia da HotPads. Na uku shi ne Redfin, mai Rent.com da ApartmentGuide.com. A lissafin jihohin da suka kai ƙara, waɗannan ukun su ke kwashe kusan kashi 85 cikin 100 na kuɗin da ake samu a kasuwar. Muddin suna uku, mai gini yana da bakin ciniki. Idan wannan ya tsawwala sai ya ce zai koma wurin wancan, kuma wakilin tallan da ke zaune gabansa ya san ba barazanar banza ba ce. Na ukun, ko da shi ne ƙarami, shi ke hana manyan biyu sakin jiki, domin ƙarami ne yake rage farashi don ya samu shiga.

Bayan yarjejeniyar, shafukan Redfin ba su ɓace ba. Suna nan da sunansu da launinsu, kuma nan ne dabarar take. Mutumin da ke neman haya a Atlanta ko Phoenix zai buɗe Zillow, ya leƙa Trulia, ya duba HotPads, ya koma Redfin, ya shiga Rent.com da ApartmentGuide, har ma da Realtor.com, wanda tun a 2024 ya ƙulla yarjejeniyar karɓar tallan manyan gine-ginen haya daga Zillow. Zai tashi yana jin ya zaga kasuwa ya gwada farashi, alhali tagogi bakwai ya leƙa na shago ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin yana baya kaɗan. Su Rent.com da ApartmentGuide asalinsu na wani kamfani ne mai suna RentPath, wanda bashi ya yi wa katutu har ya nemi kariyar kotu a Fabrairun 2020. CoStar ya taya shi dala miliyan 588. FTC ta ce ba ta yarda ba, ta kai ƙara a ƙarshen Nuwambar 2020, hujjarta kuwa ita ce idan babba ya haɗiye ɗaya daga cikin manyan masu gasa da shi, kuɗin talla zai tashi. Kafin shekarar ta fita cinikin ya watse. Sai Redfin ya fito a farkon 2021 ya saye RentPath a kan dala miliyan 608, kuma babu wanda ya hana shi, domin shi sabon hannu ne a harkar haya, shigowarsa na nufin masu gasa za su ci gaba da zama uku. Wato hukuma ta tsare wa kasuwa kujera ta uku, Redfin ya samu damar zama a kanta saboda an kori wanda ya riga shi taya, bayan shekara huɗu kuma ya karɓi kuɗi ya tashi, ya bar na biyu ya miƙe ƙafa a wurin. Da Zillow ya fito fili ya ce zai sayi Rent.com da ApartmentGuide, da wuya hukumar da ta hana CoStar ta ƙyale shi. Sai aka bi ta bayan gida. Aka bar wa Redfin suna da shafi, Zillow ya ɗauki abokan ciniki, kuma a cewar FTC har taimaka masa Redfin ya yi ya zaɓi waɗanda yake so cikin ma'aikatan da aka sallama, mutanen da suka san kowane mai gini da abin da yake biya. A harkar talla, idan ka ɗauke wa kamfani abokan cinikinsa da masu nemo su, me ya rage masa?

Akwai wata doka ta 1976 a Amurka da ta wajabta wa kamfanoni sanar da hukuma kafin su kammala saye idan kuɗin ya haura wani adadi, su kuma jira kwana 30 a bincika. A 2024 adadin dala miliyan 119.5 ne, a 2025 ya koma 126.4. Ba sai an zargi kowa da wata niyya ba kafin a lura cewa miliyan 100 tana ƙasa da duka biyun, kuma abin da aka kira haɗin gwiwa ba ya jan ido kamar abin da aka kira saye. Ƙarar FTC ta kama abin ta fuska biyu: a matsayin haɗa baki don hana gasa, wanda dokar Sherman ta 1890 ta haramta, da kuma a matsayin saye mai rage gasa, wanda dokar Clayton ta 1914 ta hana.

Kamfanonin suna da amsa, kuma ba amsar da za a yi watsi da ita ba ce. Zillow ya ce tsarin alheri ne ga kowa, domin mai neman haya a shafin Redfin yanzu yana ganin gidaje fiye da na da. Wannan gaskiya ne a zahiri. Amma ana iya musayar tallace-tallace tsakanin shafuka ba tare da ɗaya ya rufe ofishinsa na neman talla ba. Redfin yana iya nuna tallan Zillow a gefen nasa, kowa na ci gaba da zawarcin masu gine-gine. Babu abin da ya haɗa yawan gidajen da ake gani a shafi da sharaɗin cewa kada ka sake karɓar talla har shekara tara. Wannan sharaɗin amfaninsa ga Zillow kaɗai yake, kuma ruwa ba ya tsami banza: ɗan kasuwa ba ya fitar da miliyan 100 sai ya lissafa inda za ta dawo masa da riba.

Redfin kuma ya ce zuwa ƙarshen 2024 ya bayyana cewa masu ba shi talla ba su kai yawan da zai ɗauki nauyin ma'aikatan da ke nemo su ba. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, domin ba a tilasta wa ɗan kasuwa ya zauna yana asara don kawai gwamnati na son ganin mutum uku a kasuwa. To amma wanda kasuwa ta ƙi yana da hanyoyi. Yana iya sa sashen a kasuwa wani ya saya, kamar yadda shi kansa ya saya a 2021. Yana iya rage ma'aikata ya ci gaba da lallaɓawa. Yana ma iya rufewa kawai, masu talla su watse kowa ya nufi inda ya ga dama, CoStar da Zillow da ƙananan shafuka su yi rububinsu da rangwame. Duk waɗannan halal ne a doka. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne abokin gasarka ya biya ka ladan fita, ka kuma kama hannun abokan cinikinka ka kai masa. In da gaske sashen ya mutu murus, me Zillow yake saye da wannan maƙudan kuɗi? Wanda zai faɗi da kansa gobe ba a biyansa don ya kwanta yau. Wata guda bayan yarjejeniyar, a Maris na 2025, kamfanin ba da rancen gidaje na Rocket ya sanar da zai saye Redfin gaba ɗaya a kan dala biliyan 1.75, aka kammala a Yuli. Redfin ya shiga wannan ciniki da kuɗi a aljihu, kuma ya sauke nauyin albashin ɗaruruwan mutane.

Hujja ta uku masu sharhi ne suka fi kawo ta: ai CoStar ne giwar kasuwar, ƙarfafa Zillow zai sa a samu wanda zai iya ja da shi. Wannan magana ana yin ta a kusan kowace haɗewar kamfanoni, na biyu da na uku su ce a bar su su haɗu don su tunkari na ɗaya. Abin da aka saba gani idan kasuwa ta koma hannun mutum biyu shi ne kowa yana kallon farashin ɗan'uwansa yana bi. Ba sai sun zauna a ɗaki ɗaya sun haɗa baki ba, kowannensu ya san yaƙin farashi asara ce gare su duka. Kuma babban mai gini da ke son cika ɗakunansa ba zai iya ƙaurace wa ko ɗaya cikin biyun ba.

Dokar Amurka ta taɓa gamuwa da irin wannan. A 1990 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Palmer da BRG, kan wasu kamfanoni biyu da ke koyar da masu shirin jarrabawar zama lauya a jihar Georgia. A 1980 babban cikinsu ya ba ƙaramin lasisin amfani da sunansa da kayan karatunsa a jihar, ya yi alƙawarin ba zai yi gasa da shi a can ba, shi kuma yana karɓar kaso daga kuɗin kowane ɗalibi. Nan take kuɗin kwas ɗin ya tashi daga dala 150 zuwa sama da 400. Kotu ta ce yarjejeniyar haramtacciya ce tun daga fuskarta, ba sai an tsaya dogon lissafi ba. Lauyoyin Zillow za su ce tasu daban ce, tunda akwai amfanin da ake iya nunawa, kuma alƙali ne zai auna. Amma ƙashin bayan abin ɗaya ne: masu gasa biyu, takardar lasisi ko ta haɗin gwiwa a sama, alƙawarin janyewa a ƙasa.

Wani zai ce duk wannan rigimar attajirai ce, kamfani mai biliyoyi yana cajin kamfani mai biliyoyi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na magidantan Amurka a gidan haya suke. Cibiyar nazarin gidaje ta Jami'ar Harvard ta ƙiyasta cewa rabinsu, gidaje sama da miliyan 22, suna kashe fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da suke samu a kan haya da wuta da ruwa. Mai gini ba ya biyan kuɗin talla daga aljihunsa don Allah, yana zuba shi ne cikin lissafin haya tare da haraji da gyara. Ba zan ce kuɗin talla ne ya sa haya ta yi tsada a Amurka ba. Babban dalili shi ne ba a gina gidaje daidai da buƙata ba, kuma ko gwamnati ta yi nasara a wannan ƙara babu ɗan hayar da zai ga an rage masa dala ɗari a wata. Sai dai farashi ba shi kaɗai gasa ke gyarawa ba. Ita ke sa shafi ya damu da share tallan bogi, ya matsa wa mai gini ya bayyana ƙananan kuɗaɗen da ake ɓoyewa sai an zo sa hannu, ya jera gidaje bisa abin da mai nema ke so maimakon bisa wanda ya fi biya. Shafin da ya san ba ka da wurin zuwa ba shi da dalilin wahalar da kansa a kan waɗannan.

Wanda ke son ganin inda hanyar ke kaiwa ya dubi Birtaniya. Shafin Rightmove, wanda wasu manyan kamfanonin dillancin gidaje suka kafa a 2000, ya yi kane-kane a kasuwar har ribar da yake ci ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ke shigo masa. Dillalai suna kuka da ƙarin kuɗi shekara bayan shekara, suna kuma biya, domin mai gidan da ya ba ka sayarwa ba zai yarda gidansa ya rasa fitowa a Rightmove ba. A 2015 suka haɗu suka buɗe nasu shafin, OnTheMarket, don su karya lagonsa. Bai karya ba, a 2023 kuma CoStar ya saye shi. Haka wannan harka take: masu nema suna zuwa inda gidaje suka fi yawa, masu gidaje suna kai talla inda masu nema suka fi yawa, wanda ya riga ya yi gaba sai ƙara nisa yake yi. Shi ya sa rasa mai gasa ɗaya a nan ya fi rasa shi a harkar sayar da takalma ciwo. Sabo ba ya tsirowa cikin sauƙi.

Akwai abin dariya, ko na takaici, a tarihin Redfin kansa. A Satumbar 2005 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai ƙarar Ƙungiyar Dillalan Gidaje ta Ƙasa, NAR. A Amurka dillalan kowane yanki suna da rumbun bayanai na haɗaka da ake kira MLS, inda kowa ke zuba gidajen da aka ba shi sayarwa. Ƙungiyar ta yi ƙa'idar da ta ba tsofaffin dillalai damar hana a nuna gidajensu a shafukan sababbin dillalai masu aiki ta intanet, waɗanda ke rage la'ada daga kashi 5 zuwa 6 cikin 100 da aka saba. Dillali na iya buga bayanin gida a takarda ya miƙa wa mai saye, amma a hana wani nuna wannan bayanin a allon kwamfuta. Aka yi ta shari'a har 2008, NAR ta sauka, aka yi sulhu na shekara goma. Redfin, wanda a lokacin ƙaramin kamfani ne mai mayar wa masu saye wani kaso na la'ada, yana cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan ƙara, kuma shugabansa na lokacin, Glenn Kelman, ya yi suna wajen sukar babakeren tsofaffin dillalai. Gwamnati ce ta buɗe masa ƙofa da dokar gasa. Bayan shekara ashirin ita ce ke tuhumarsa da karya wannan dokar.

A Kanada ma an yi irin wannan dambarwa. Hukumar gasa ta ƙasar ta kai ƙarar ƙungiyar dillalan Toronto a 2011 saboda hana mambobinta wallafa farashin da aka sayar da gidaje a shafukansu. Ƙungiyar ta fake da kare sirrin mutane, alhali kowane dillali na iya faɗa wa abokin cinikinsa wannan farashin da baki. Sai a Agustan 2018, da Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙararta, maganar ta mutu. Shekara bakwai ana jan abu ɗaya: wa ke da ikon sanin nawa aka sayar da gidan maƙwabci. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayani kan hanin da Manzon Allah (SAW) ya yi na tarar ayari a hanya a saye kayansa kafin ya iso kasuwa, kuma illar da da yawansu suka ambata ita ce mai kayan bai san farashi ba tukuna. Duk waɗannan shari'o'i, daga ta 2005 har zuwa ta Zillow, a kan wannan gaɓa suke. Wanda ya tsaya tsakanin mai kaya da mai nema, ya riƙe labarin kasuwa a hannunsa, shi ke yanka wa kowa.

Shi kansa Zillow ya iya wannan karatu idan ta wajensa ce. A Afrilun 2025 ya sanar da cewa duk gidan sayarwa da dillali ya tallata ga jama'a amma bai sa shi a MLS cikin kwana ɗaya na aiki ba, ba zai fito a shafinsa ba. Ya ce bayanin gida haƙƙin kowa ne, bai kamata a ɓoye shi ga 'yan gata ba. Kamfanin dillanci na Compass ya kai shi ƙara a Yuni. A kan asalin maganar ina tare da Zillow, ɓoye gidaje cikin aljihun kamfani ɗaya cutar mai saye ne. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne kamfani guda ya kai matsayin da zai kafa wa dillalan ƙasa baki ɗaya doka, su kuma bi don tsoron a cire su daga shafinsa. Kuma mai wa'azin buɗe kasuwa a watan Afrilu shi ne ya biya a rage masu gasa a watan Fabrairu. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Yanzu ga ƙorafina a kan gwamnati. Girman da Zillow ya yi ba daga sama ya faɗo ba. A 2014 ya sanar da zai sayi Trulia, babban abokin gasarsa a lokacin, FTC ta bincika ta ƙyale, aka kammala a farkon 2015. CoStar ya sayi Apartments.com a 2014, ya bi da Apartment Finder a 2015, ya ƙara da ForRent a 2018, duk a gaban idon hukuma. Kasuwar da ke da shafuka masu zaman kansu da dama ta koma ta mutum uku da sanin masu tsaron ƙofa. Sai da ya rage saura ƙiris sannan aka farka. A wannan karon ma an sanar da yarjejeniyar a Fabrairu a bainar jama'a, har da adadin kuɗin da na waɗanda za a sallama, ƙara kuwa sai ƙarshen Satumba. A cikin waɗannan watanni an sallami ma'aikatan, kwantiragi sun koma Zillow, Redfin ya shiga hannun sabon mai shi wanda harkarsa rance ce. Idan wannan bai kai ihu bayan hari ba, ya yi kusa.

Mu ma nan gida ba mu da nisa da irin wannan. A 2017 shafin ToLet ya saye Jumia House a Najeriya ya koma PropertyPro, a 2019 kuma Jiji ya karɓe harkar OLX a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen Afirka. Har yanzu yawancin masu neman haya a Kano ko Kaduna ta hannun dillalin unguwa da WhatsApp suke bi, don haka shafukan ba su kai ƙarfin na Amurka ba. Amma Najeriya tana da hukumar gasa, FCCPC, tun bayan da aka sa hannu kan dokarta a farkon 2019, kuma darasin da ke cikin lamarin Zillow shi ne a karanta abin da yarjejeniya ke aikatawa, kada a tsaya ga sunan da aka raɗa mata, a kuma karanta da wuri.

FTC ta roƙi kotu ta warware yarjejeniyar, ta kuma buɗe ƙofar a tilasta sayar da kadarori ko sake gina sashen don gasa ta dawo. Warwarewa a takarda abu ne mai sauƙi. Wahalar ita ce alƙali ba zai iya umartar mutum 450 su koma tsohon aikinsu ba, ba kuma zai iya sa Rocket ya ji sha'awar harkar da bai saya don ita ba. Idan aka tsaya ga soke sharaɗin shekara tara kawai, Redfin zai samu 'yancin komawa kasuwar da ba shi da niyyar komawa, Zillow kuma ya riƙe abin da ya riga ya samu, a ce an yi hukunci. Maganin da nake ganin zai yi aiki shi ne a raba Rent.com da ApartmentGuide daga Redfin a sayar wa wanda ke son harkar da gaske, wanda ba CoStar ba kuma ba Zillow ba, a ba masu gine-ginen da aka tura wa Zillow damar fita daga kwantiraginsu ba tare da tara ba, a kuma hana Zillow riƙe tsofaffin ma'aikatan da wani sharaɗi idan sabon mai shi ya neme su. Sannan majalisar dokoki ta gyara dokar 1976 ta yadda duk yarjejeniyar da ke ɗauke da biyan abokin gasa don ya janye za a kai ta gaban hukuma kafin a sallami ma'aikaci ko ɗaya, komai ƙanƙantar kuɗin.